Tukunyar sosej ta rufin asiri: tambayoyin da ake yi mani da amsoshinsu

Tun ranar da na kai wannan girki walimar saukar ƙanwar maigidana a unguwar Rafin Daɗi a Katsina ban huta ba. Kula ɗaya na kai, kafin a kira la'asar an suɗe ta tas, har da masu goge gindin kular da gutsuren burodi. Daga nan duk inda na sa ƙafa, gidan suna ne ko Islamiyya, sai wata ta ja ni gefe: "Maman yara, don Allah me kika zuba a abin nan?" Wasu tambayoyin na amsa su har bakina ya gaji, shi ya sa na tattara su wuri ɗaya. Na bar su yadda aka yi mani su, har da masu ɗan zolaya a ciki.

Wai shi wannan abincin mene ne sunansa, kuma daga ina ya fito?

Turawa kasarol suke ce masa. Kalmar ta Faransawa ce, asalinta kuma sunan tukunyar ne, daga baya abin da ke ciki ya gaje sunan. Duk abin da aka tara a mazubi ɗaya mai zurfi, aka rufe, aka bar shi ya dahu a hankali har kayan suka san juna, ya shiga wannan suna. A Ingila na sosej abincin tsakiyar mako ne na gidajen da ke lissafin aljihu. A kudancin Faransa, wajajen birnin Tulus, suna da nasu na farin wake da sosej, wanda tun asali cimar manoma ce.

Na faɗi wannan ne don kada sunan ya razana ki. Wake ne da dankali da jar miya da ɗan nama. In kin iya faten wake kin gama rabin aikin, wannan ƙanensa ne da ya yi boko. A gidana ma ba mai ce masa kasarol, "tukunyar sosej" yara suka sa masa, sunan ya bi shi.

Anti, ni fa tsoro nake ji. Ba da naman alade ake yin sosej ba?

Tsoronki yana kan hanya, kuma gara da kika tambaya. Sosej ba sunan dabba ba ne, sunan aiki ne: a niƙa nama, a sa masa gishiri da kayan ƙamshi, a ɗura shi a cikin siririyar fata. A Turai yawanci da alade ake yi, abin da ya ɓata masa suna a wurinmu ke nan. Amma akwai na sa, akwai na kaza, akwai na rago. Mutanen Aljeriya da Tunisiya da Maroko suna da nasu ja mai yaji da suke kira margez, na rago ko na sa, kuma musulmi ne ke yi suna ci.

Abin da za ki yi shi ne ki juya ledar ki karanta, ko ki ba yaro ɗan makaranta ya karanta maki. In kika ga kalmar "pork", ajiye. Mu da ke maƙwabtaka da Maraɗi kayan da aka rubuta da Faransanci suna shigo mana, a jikinsu "porc" za ki gani, abu ɗaya ne. Sai kuma wurin da mutane da yawa ba su lura ba: fatar. Akan sami sosej na naman sa zalla, amma an ɗura shi a hanjin alade. Yawancin sirara na kaza da ake sayarwa a leda ba su da wannan matsalar, don an saɓule masu rigar tun a kamfani, amma masu kauri masu fata mai ƙaras-ƙaras ki duba da kyau. Ki nemi tambarin halal. Lambar NAFDAC ma ki duba ta, sai dai ki sani ita shaidar rajista ce, ba shaidar yanka ba. Wanda aka zazzage daga ledarsa ana sayarwa ɗai-ɗai, ba suna ba takarda, ni ba na saye ko da kyauta ake haɗawa.

A ina zan samu a Katsina, kuma yaya zan gane mai kyau?

Manyan kantuna masu firiza, irin na wajajen GRA da titin IBB, da shagunan kayan sanyi inda ake sayar da kaji da kifi. 'Yan'uwana na Daura kan ba da saƙo in wani zai shigo Katsina, a sa masu a kula da ƙanƙara. Hakan ya yi, in dai kular ce da gaske, ba leda a bayan mota cikin rana ba.

Babbar matsalar sosej a garin nan ba tsada ba ce, wuta ce. Kaya ya narke da rana, a tada janareta da dare ya sake daskarewa, gobe ma haka. Na taɓa saye a wani shago, na zo gida na buɗe sai wani ɗan tsami ya bugi hancina, jikinsa kuma yana yauƙi kamar an shafa masa kuɓewa. Na mayar, mai shagon ya rantse jiya jiya aka kawo. Ban ja da shi ba, na dai daina zuwa. Tun daga ranar nake duba ledar kafin in biya: in ta kumbura, ko akwai jan ruwa daskararre a kusurwarta, ko ƙanƙara ta taru a ciki kamar gishiri, ko sosej ɗin sun manne sun lanƙwashe, to ya taɓa narkewa. Mai kyau za ki ji shi tauri kamar itace, ledar ta kama jikinsa ɗam. Ki duba ranar lalacewa, kuma ki sa shi ya zama sayayyarki ta ƙarshe kafin ki hau Keke.

Kin ce na rufin asiri ne, alhali sosej abincin masu kuɗi ne. Ina arahar take?

Nan ne duk maganar take. In kika soya sosej shida kika jera a faranti, mutum biyu za su cinye su, su tashi suna tambayar abinci. In kika yanka shidan nan kika sa a tukunyar wake da dankali, mutum bakwai za su ci su ƙoshi, kuma kowace loma da ƙamshin nama a cikinta. A wannan girkin sosej matsayin daddawa yake da shi: ba don ya cika ciki aka sa shi ba, don ya ba tukunya murya ne. An riga an jiƙa shi da gishiri da kayan ƙamshi da kitse, wasu har da ƙamshin hayaƙi, to duk wannan yake saki a cikin miyar. Tsokar nama mai nauyinsa ba za ta yi wannan aikin ba.

Mai cika cikin wake ne, shi kuwa namu ne. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman irin wannan waken namu a duniya, kuma nan Arewa ake noma shi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowace uwargida ta koma mai lissafi, ni ma haka. Abin da nake yi, da kaka in sabon wake ya shigo nakan sayi tiya biyar ko shida, in shanya shi ya bushe sosai, in ɗura a jarkar da ta bushe in toshe bakin ruf. In iska ba ta shiga, ƙwari ba sa rayuwa, ba sai an zuba maganin da zai cuci mutane ba. Masu saye da buhu kuma akwai buhun nan mai leda biyu a ciki, aikinsu ɗaya. Waken da kika saya a Nuwamba shi zai rufa maki asiri a Yuli.

To me da me zan tanada?

Na gidan mutum shida zuwa takwas nake ba ki. Sosej 6, in da hali 8. Farin wake gwangwanin madara 3. Dankalin turawa matsakaita 6, karas 3, albasa manya 2. Kayan miya kuwa tumatir 8, tattasai 4, attaruhu 2, ko 3 in gidanku masu son yaji ne. Man gyaɗa babban cokali 4 ya isa, don sosej zai saki nasa. Sai tafarnuwa, ɗanyar citta, ɗan kori, dunƙulen magi 2 da daddawa guda. E, daddawa. Wata ta yi mani dariya wai na haɗa Bature da ɗan ƙauye, amma ita ce ta fara neman ƙari.

Gishiri kada ki sa sai a ƙarshe, bayan kin ɗanɗana.

Yaya ake haɗawa, daga farko har saukewa?

Tun da dare ki tsince waken ki jiƙa. Da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗora da sabon ruwa da rabin albasa, ki dafa har ya kusa nuna, wato in kin matsa da yatsa ya fashe amma bai zama fate ba. Ki tsame shi, ruwan kuma ki ajiye, za ki neme shi.

Sosej ki yanka shi a karkace, kaurin babban yatsa. Yankan karkace ya fi faɗi, ya fi kama suya, kuma a ido ya fi yawa, wanda a gidan yara ba ƙaramin abu ba ne. Ki zuba mai a tukunya mai kauri, in ya yi zafi ki jera yankan, ki ƙyale su. Nan ne amare ke kuskure: hannu ba ya haƙuri, sai juyi. Ki bari gefe ɗaya ya yi ja sosai, har bakinsa ya ɗan naɗe, sannan ki juya. In kin kwashe za ki ga wani jan ƙanzo ya manne a gindin tukunyar. Kada ki wanke, kada ki canza tukunya. Rabin daɗin girkin yana jikin ƙanzon nan.

A cikin man ki zuba albasa, ki rage wuta, ki ba ta kamar minti 10 har ta yi laushi ta fara zaƙi. Ruwan da ta saki shi zai ɗago ƙanzon, ke dai ki riƙa kankarewa da muciya ko cokalin itace. Ki sa tafarnuwa da citta, da sun yi ƙamshi ki juye jajjagen kayan miya. Ki soya har mai ya taso sama, tsamin tumatir ya mutu, wajen minti 15. Sai dankali da karas da kika yanka manya-manya, sai wake, daddawa, magi da kori. Ki zuba ruwan waken nan daidai kan kayan, kada ya shanye su. Ki mayar da rabin sosej, ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa, minti 25 zuwa 30. In dankali ya kusa nuna ki jera sauran rabin a sama, ki ƙara minti 10.

Dalilin raba shi biyu: rabin farko sadaka ne ga miya, zai ba da duk abin da ke jikinsa ya koma lami. Rabi na biyu shi ne wanda za a gani a faranti, a tauna a ji nama. Wannan dabarar ta sosej irin na leda ce, wanda an riga an dafa shi a kamfani. In ɗanye ne, duka za ki mayar tun farko, kuma ki tsaga ɗaya ki tabbatar cikinsa ya dahu kafin ki sauke.

Ba ni da oban. Ke nan ban da ni?

Ni ma da nake da shi ya fi zama ma'ajiyar faranti. Mai oban da wadatar gas, bayan ta haɗa komai sai ta sa a digiri 180 na minti 35 zuwa 40, ta buɗe murfin a minti goman ƙarshe don saman ya gasu. Abin da oban ke yi ke nan, zafi ta sama da ta ƙasa, kuma iyayenmu sun daɗe suna yin haka ba tare da shi ba.

In kurfoti gare ki, ki rage garwashin ƙasa ya zama kaɗan, ki kifa murfin tukunyar ta baya ya zama kamar faranti, ki ɗebi garwashi ki baza a kai. Tukunyar dalma mai kauri irin ta maƙera ta fi dacewa, ta kanti mai sirara za ta kama. Bayan minti 20 ki ɗaga murfin a hankali, kada toka ta zuba. Za ki tarar saman ya yi ja, sosej ɗin sun ɗan ƙame, gefen miyar yana tsatsafar da mai. Wallahi na garwashi ya fi na oban ƙamshi.

Akwai kuma dabarar da na fi so ranar da gas ya kusa ƙarewa. In tukunyar ta tafasa sosai na minti 15, ki sauke a rufe, ki naɗe ta da tsohon bargo, ki zaunar da ita a kwando ko kwali, ki danne da wani zanen. Kada ki buɗe sai bayan awa ɗaya da rabi. Zafin da ta riƙe zai ƙarasa dankalin, babu ƙonewa, babu tsayuwa a kai.

Abu ɗaya nake roƙo: lokacin hunturu kada a shigar da kurfoti ɗaki a rufe ƙofa. Iskar gawayi ba ta da wari, kuma tana kisa.

Na yi yadda kika ce, amma wake ya ƙi nuna. Ko in sa kanwa?

Ina kyautata zaton ɗanyen wake kika zuba cikin tumatir. Ni ma da haka na fara, na ƙona gawayi kusan rabin leda, dankali ya narke ya bi ruwa, wake yana nan kamar tsakuwa, ranar sai shayi da burodi aka ci. Tsamin tumatir yana ɗaure fatar wake, shi ya sa ake dafa shi daban tukuna. Tsohon wake da ya shekara ma yana da taurin kai, shi jiƙon dare ne maganinsa.

Kanwa tana nunar da wake da wuri, gaskiya ne, amma tana dusar da jan miyar ta koma kalar ƙasa, tana kuma kashe wani ɓangare na sinadarin bitamin da ke cikin waken. In dole ne, ɗan mitsitsi a tafasar farko, ki zubar da ruwan, kada ki yi miya da shi.

Tumatir ya yi tsada, kashi ɗaya ba ya rufe gindin kwano. Me zan yi?

Ki bi shekara yadda take tafiya. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da kayan lambun rani ke fitowa daga Ɗanja da Ajiwa da Jibiya, tumatir kamar a roƙe ki ki ɗauka. Da an shiga bazara zuwa farkon damina sai ya hau doki. Waɗanda suka yi girki a 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Arewa, sun san har inda abin kan kai.

In ya yi tsada ki koma kauɗa. Ki wanke ta sau uku don ƙasa, ki jiƙa a ruwan zafi, ki markaɗa da tattasai da albasa mai yawa. A wannan girkin ta ma fi ɗanyen zurfin ɗanɗano. Ko ƙaramin tumatirin leda guda biyu, a soya shi sosai a mai kafin ruwa ya taɓa shi. In kabewa ta shigo, yanki ɗaya zai narke ya ba miyar kauri da launi, ba wanda zai ce tumatir ya yi kaɗan.

Haka dankali. Na turawa daga Filato yake zuwa mana, Bokkos da Mangu, kuɗin mota yana kansa. In ya fi ƙarfinki ki sa na Hausa, sai dai ki yanka shi manya ki jinkirta zuba shi da minti 10, don ya fi saurin narkewa. Zaƙinsa da yajin attaruhu suna jituwa ƙwarai.

Hajiya, ni maigidana ya ce ba za a shigo masa da naman leda gida ba. Akwai mafita?

Akwai, kuma in za ki bi ta tawa ita ce ta fi. Ki yi naki. Sosej ba sai da fata ba.

Ki aika wurin mahaucinku a yanko rabin kilo na naman sa, a ce masa a haɗa da kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar. Kada ki ji ƙyashin kitsen, in babu shi abin zai bushe kamar dambu. In akwai injin niƙa nama a kusa, to. In babu, ki daddatsa da wuƙa ƙanana-ƙanana ki kirɓa a turmi mai tsabta. Ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya da 'yar ɗoriya, dakakken masoro, citta, tafarnuwa, kanumfari ƙwaya biyu, barkono, garin busasshen burodi babban cokali 4 da ruwan sanyi cokali 3. Sai cuɗawa. Ki cuɗa da hannu minti 5 cur, har naman ya fara danƙo yana kama tafin hannunki. Wannan danƙon shi ke riƙe shi a tukunya, ba ƙwai ba, ba fulawa ba. Ki shafa mai a hannu ki mulmula kamar yatsu, za ki sami 10 zuwa 12. Ki soya su yi ja ta kowane gefe kafin su shiga miya, kuma in sun shiga ki rage juyi.

Wata rana burodi ya ƙare mani na sa garin ƙuli-ƙuli a madadinsa. Abin ya fito da ƙamshin tsire, tun daga nan ban koma burodi ba.

Da babbar salla kuwa, hanjin ragon layya shi ne ainihin fatar da ake ɗura margez. A wanke shi, a juya cikinsa, a kankare, a jiƙa a ruwan gishiri, a ɗura naman da mazurari, a murɗa gaɓa-gaɓa. Aiki ne, sai ranar da kike da mataimaka. Ki tuna naki ba shi da maganin hana lalacewa irin na kamfani, ranar da kika yi ranar za ki dafa.

Gala fa? Ai ita ma sosej ce.

Ɗana na tsakiya ne ya fara kawo wannan shawara. Gala tun 1962 take kasuwa, kuma ta yi wa matafiya rana, amma fulawa ce aka naɗe ɗan nama a ciki. In ta shiga miya kunu za ki kwasa. A bar ta a tasha.

Tawa ta tsinke. Ta ƙanwata kuma gishiri ya yi mata yawa.

Wadda ta tsinke, ki ɗebi ludayi ɗaya na wake da dankali ki murƙushe ki mayar, ki bar tukunyar a buɗe minti 5. Mai gishiri kuma ƙarin kaya ne maganinta: dafaffen wake in akwai saura, ko dankali biyu da ɗan ruwa. Gaba ta tuna sosej da magi da daddawa kowanne da gishirinsa ya zo.

Da me ake ci? Kar in kai wa maigida ya ce ina abincin.

Zai ce, ki shirya. Nawa ranar farko ya cinye faranti guda, ya sha ruwa, ya gyara zama ya ce, "To madalla, a kawo tuwon." Bakatsine in bai ga tuwo ko shinkafa ba, a wurinsa an dai taɓa baki. Don haka nakan dafa farar shinkafa in zuba wannan a gefe, kuma hakan yana ƙara mata auki, tukunyar mutum bakwai ta ciyar da goma. Tana tafiya da burodi, da sinasir, da waina, da taliyar murji. Da azumi nakan sassauta ta da ɗan ruwa a ci da burodi bayan an sha kunu, ba ta da nauyin soye-soye.

In ta yi saura zan iya ajiyewa? Wutar unguwarmu sai a hankali.

Wake da nama ba sa haƙuri da zafi. Ƙa'idar masana abinci ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma awa 1. To mu da Afrilu da Mayu muke ganin 40 da ɗoriya, sai ki yi lissafi. In firij ɗinki yana samun wuta tsayayya, ki juye a roba mai faɗi don ta huce da wuri, za ta kwana 3. In wutar ta je-ka-ka-dawo ce, kada ki dogara da shi. Ki dafa daidai cikinku, ragowar rana a ci da dare, a tafasa ta sosai har tsakiya kafin a zuba. In kika buɗe kika ga kumfa a sama ko kika ji tsami, zubarwa za ki yi, tafasawa ba ta gyara abin da ya riga ya lalace.

Ledar sosej da kika buɗe ma haka. In ba ki da tabbacin sanyi, ki haɗa kuɗi da maƙwabciya ku raba leda ɗaya, kowa ta dafa nata a ranar.

Surukata tana da hawan jini, ga kuma yara ƙanana. Ba matsala?

Sosej na kamfani gishiri ne da shi sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye a magi da burodi. A 2015 kuma sashen binciken kansa na hukumar ya sa naman da aka sarrafa, irin su sosej, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, kuma haɗarin yana ƙaruwa ne da yawan ci a kai a kai. Shi ya sa ban ce ki mai da shi abincin kullum ba. A gidana sau biyu a wata ne, kuma in kin raba shida ga mutum bakwai kowa bai sami guda cikakke ba.

Ita Mama ki yi mata da na gida, ki rage gishirin, ki bar magi ɗaya, ki ƙara tafarnuwa da daddawa. Yara 'yan ƙasa da shekara 4 kuwa, kada ki ba su yanka mai zagaye, daidai maƙogwaronsu yake. Ki tsaga shi ta tsawo gida huɗu sannan ki yanka.

Mama, ni namiji ne, ɗalibi a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Risho ɗaya gare ni da tukunya ɗaya. Zan iya?

Ɗana, kai ne ma ka fi kowa dacewa da ita. Sosej 2, wake gwangwani ɗaya, dankalin Hausa ɗaya, albasa ɗaya, tumatirin leda ɗaya, attaruhu ɗaya. Ka jiƙa waken kafin ka tafi lakca, in ka dawo ka dafa shi ka juye a kwanon cin abincinka tare da ruwansa, ka goge tukunyar ka soya sosej a ciki, sauran kamar yadda na faɗa a sama. In babu kalanzir ɗin dafa wake, ka sayi dafaffe wurin mai shinkafa da wake ka ce ban da shinkafa, minti 25 ka gama. Ka rufe ƙofar ɗakinka lokacin suyar, ka buɗe taga, in ba haka ba kafin albasa ta yi laushi za ka ji sallama uku, kowa da cokalinsa a aljihu.